Shagon da ya hana ni sayen macijin da na je nema

Wata 14 ke nan da macijina Ɗanlami ya shigo gidana a nan Birni, cikin Damagaram, kuma sai yanzu na ga ya dace in faɗi abin da na gani game da shagon da ya samo mini shi. Da gangan na jinkirta. Cinikin maciji ba ranar biyan kuɗi ake sanin kyansa ba, sai dabbar ta sha hunturu a hannunka, ta sha bazara, ta ga damina. Ɗanlami ya ga duka ukun, ga shi cikin hunturu na biyu, ya yi saɓa sau 9, bai taɓa amayar da abinci ba. Yanzu ina da bakin magana.

Ni ɗan dukawa ne. Fatar mesa na fara sani kafin in san mesa mai rai, domin tun ina yaro mahaifina kan aike ni majema in karɓo fatu, har da na macizai da ake yi wa jaka ado da su. A 2019 na fara riƙon maciji, wani macijin gida mai ruwan ƙasa da wani tsohon gardi ya ba ni, tsawonsa bai kai mita ba. Bayan shekara biyu na ƙara da ƙaramin macijin yashi, gajere mai kauri, irin wanda ke nutsewa cikin rairayi ba ka ganin komai sai hanci da idanu. Shi daga dangin bowa yake, wato macizai marasa dafi masu matse abin da suka kama, amma na ƙasarmu ta Sahel, kuma ƙwai yake sakawa, ba kamar yawancin danginsa ba. Kada wani ya karanta wannan ya je ya ɗauki abin da ya tsinta a gona. Kububuwa ma gajera ce, kuma tana kashe mutane a ƙasar nan kowace damina. Nawa duka biyun daga hannun wanda ya san su suka fito.

Shekara 5 ina tare da na farkon, 3 da na biyun. Na iya ba da abinci, na iya gane idon da ya yi hazo kafin saɓa, na iya barin dabba ta huta. Amma ɗaya kullum yana cikin yashi, ɗayan kuma siriri ne mai sauri, ba ya zama a hannu. Raina yana son maciji mai nauyi, mai natsuwa, wanda zai naɗe damtsena in ji ƙarfinsa.

Shagon yana kusa da Kasuwar Dole. Ba shagon macizai ba ne, tattabaru ne cike da shi, da zomaye, da kifin ado a cikin gilashi, da fararen ɓeraye a can baya. Ɓerayen ne suka haɗa ni da mai shagon, wani dattijo da ya yi shekaru yana fatauci tsakanin Kano da Legas. Ba ya ajiye maciji a shago. Idan mutum ya nema, yana da wani mai kiwon su a Legas da yake hulɗa da shi. A watan Satumba na 2024 na je masa da hoto a wayata: bowa mai jan wutsiya, irin na Surinam da Guyana, wanda wutsiyarsa ke ja kamar an tsoma ta a jan garura. Na ce masa, "Alhaji, irin wannan nake so, mace, ko nawa ne."

Ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo, sannan ya miƙo mini ya ce, "Malam, kafin mu zo maganar kuɗi, wa zai kama maka wutsiya?"

Ban gane ba sai da ya yi bayani. Macen wannan iri tana iya kai mita 3, wani lokaci ta wuce, kuma nauyinta ya haura kilo 15. Masu kiwo suna da ƙa'ida cewa duk macijin da ya wuce mita biyu da rabi, mutum ɗaya ba ya fito da shi shi kaɗai. Ya tambaye ni ko uwargida za ta riƙe mini. Na ce a'a. Ko ina da ƙane a gidan. Na ce yana Maraɗi. Ya tambayi faɗin ɗakin da zan sa akwatin, ya tambayi shekarun ƙaramin ɗana, ya tambayi inda zan samo zomo duk wata idan ta girma. Daga ƙarshe ya tambayi shekaruna, na ce 38, ya ce, "To ka ƙara 25 a kai. Bowa yana yin shekara 20 zuwa 30. Kana da shekara 63 za ka iya ɗaga ta ka wanke akwati?"

Na fita shagon ranar raina a ɓace, don na zo da kuɗina an mayar da ni. Kwana uku ina juya maganar. Ɗan kasuwa ne fa, kuma abin da na nema ya fi wanda ya sayar mini daga baya tsada nesa ba kusa ba. Wannan ƙin da ya yi shi ne babban abin da nake yaba wa shagon, duk abin da zan faɗa a ƙasa bai shafe shi ba.

Da na koma muka zauna a kan benci muka bi su ɗaya bayan ɗaya, da hotunan da mai kiwon ya turo ta WhatsApp. Akwai bowa mai sheƙin bakan gizo na Barazil, kyakkyawa ƙwarai, ba ya wuce mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Alhaji ya ture shi nan take. Na dajin Amazon ne, yana buƙatar danshi mai yawa a iska, kashi 75 cikin 100 ko fiye, kuma ba ya jure zafi. A garin da leɓe ke tsagewa a watan Fabrairu, kawo shi zalunci ne. Na yi maganar wani na Madagaska da na ji ana yabon sanyin halinsa, ya ce wannan yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, takardunsa ba aikin ƙaramin shago ba ne. Sai ƙananan bowa na tsibiran Kayos Kochinos a gaɓar Honduras, masu hasken fata, waɗanda ba su cika girma ba. Raina ya kwanta da su, amma ya ce mini gaskiya: tsantsarsu da wuya a samu, da yawa an gauraya su da manyan iri, za ka sayi jariri da sunan ƙarami ya tashi ya zama ƙato.

Muka tsaya a kan wanda masana ke kira Boa imperator, bowan Amurka ta Tsakiya da Kolombiya, wanda a cikin bowa shi ne aka fi kiwo a duniya. Ya ce in ɗauki namiji, domin a wajen bowa mace ce babba. Namijin wannan iri yakan tsaya tsakanin mita ɗaya da rabi zuwa mita 1 da santimita 80, ita kuwa mace ta wuce mita 2. Ya sa mai kiwon ya ɗauko bidiyon uban da uwar kusa da ma'auni don in ga girman da za a gada, da wani bidiyon na ƙaramin yana haɗiye ɓera. Ya nuna mini yadda ake gane namiji: ƴan farata biyu a gindin wutsiya sun fi na mace fitowa, wutsiyar kuma ta fi tsawo. A nan ne ma na gyara wani kuskure da mutanenmu ke yi, na kiran bowa mesa. Kama ce kawai. Mesa ƙwai take sakawa ta kwanta a kai, bowa kuwa haihuwa take yi, ƴaƴa su fito da ransu, sau da yawa 20 zuwa 30 a ciki ɗaya.

Kuɗin macijin jaka 95 na sefa, takardu da sufuri jaka 35. Maganar takardu ba ta wasa ba ce, kuma na ji daɗin da bai nemi mu bi ta bayan fage ba. Duk dangin bowa suna ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Washington a 1973, wadda Nijar ta shiga a 1975, ga kuma dokarmu ta 1998 kan farauta da kare namun daji. Ƙetare iyaka da irin wannan dabba sai da izini. Alhaji ya raka ni da kansa wurin ma'aikatan gandun daji, ya kuma ba ni kwafin komai na adana.

Daga nan sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba.

Ya ce mako uku, aka yi bakwai. Jinkiri bai dame ni kamar shirun ba. Na biya rabin kuɗi, amma sai in na taka zuwa shagon nake jin inda aka kwana, ko sau ɗaya ba a kira ni ba. Alhakin wanda ya karɓi kafin alƙalami ne ya riƙa sanar da mai kuɗi. Abin da ya rage mini zafi shi ne jinkirin ya kai mu Nuwamba, gari ya yi sanyi, tafiyar mota daga Kano ta Daura da Matamaye ba ta gasa shi a hanya ba. Ranar Alhamis ya iso, cikin jakar yadi a cikin robar da aka huda, santimita 55, shi ya sa yara suka raɗa masa Ɗanlami.

Kwana biyar da zuwansa na ga ya shiga kwanon ruwa ya ƙi fita. Na ɗaga shi, sai ga ɗige-ɗige baƙaƙe a gindin kwanon kamar an barbaɗa masoro. Na duba ƙarƙashin haɓarsa da kewayen ido, suna motsi. Ƙwarin jikin maciji ne masu shan jini. Sun zo da shi, ko daga Legas ko daga inda ya kwana a hanya, kuma shagon bai duba ba kafin ya miƙo mini. Da na je da ƙorafi Alhaji ba ya nan, yaron shagon ya ce in fesa piya-piya a akwatin. Wallahi da na bi wannan shawara da gawa zan ɗauka da safe. Maganin ƙwarin ɗaki guba ne ga maciji, ko warinsa a rufaffen akwati yana iya kashe shi. Wannan shi ne laifi mafi girma da na gani a shagon: mai shi ya san aiki, amma wanda yake bari a bakin ƙofa bai sani ba, kuma ba ya jin nauyin ba da shawara.

Likitan dabbobi ne ya haɗa mini magani daidai nauyinsa. Na kwashe duk shimfiɗar na ƙone, na sa farar takarda don in riƙa ganin ƙwarin, ina jiƙa shi a ruwa mai ɗumi, ina wanke akwatin duk bayan kwana uku, har mako shida, saboda ƙwayayensu suna ƙyanƙyashewa a lungu bayan ka ɗauka an gama. Da Alhaji ya ji, ya zo gida da kansa, ya biya kuɗin maganin ban roƙa ba, ya kuma yi wa yaron faɗa a gabana.

Abin da ya cece ni shi ne wata shawarar tasa ta farko: sabon maciji ɗaki daban, kwano daban, kwana 90, kuma kada a taɓa tsofaffin bayan an taɓa sabo. Ba don ƙwari kaɗai ba. Akwai wata cuta ta dangin bowa da mesa wadda ke taɓa jijiyoyi, maciji ya riƙa ɗaga kai yana kallon sama, in an kifar da shi ya kasa juyowa, yana amai. A 2012 masu bincike a Kaliforniya suka danganta ta da wata ƙwayar cuta, kuma har yau ba ta da magani. Bowa yana iya ɗauke da ita wata da watanni lafiyarsa ƙalau, ana kuma zargin waɗannan ƙwarin da yaɗa ta. Ɗanlami ya wuce wannan lokaci lafiya, ƙananan biyun ma ba abin da ya same su.

Sai fitilar ɗumi da ya sayar mini jaka 6. Ba ta da na'urar daidaita zafi, kuma tana busar da iskar da dama a bushe take. Saɓarsa ta farko gutsi-gutsi ta fita, fatar ido ɗaya ta maƙale. Na mayar da fitilar, ya karɓa ya ba ni kuɗina ba musu. Na samo shimfiɗar ɗumi ta ƙarƙashin akwati mai na'urar kashe kanta daga Kano.

A nan ne nake ganin ilimin shagon ya tsaya, domin abin da mai kiwon Legas ya koya masa na garin da ke da danshi ne. Bowa yana son gefe ɗaya na akwati ya kai digiri 30 zuwa 32, ɗaya gefen 25 zuwa 27, danshi kashi 60 zuwa 70. Duk littafin da aka rubuta a Turai yana koya maka yadda za ka ɗumama ne. Mu a Damagaram wata biyu ko uku kawai muke ɗumamawa, Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da dare ke sauka ƙasa da digiri 15. A waɗannan darare, in wuta ta ɗauke, ruwan zafi nake zubawa a gora in naɗe da tsumma in jingina a bangon akwatin ta waje. Wannan mai sauƙi ne.

Bazara ce abin tsoro. Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce digiri 40, kuma bowa in ya daɗe sama da 35 ba wurin gudu, zai iya mutuwa. Mutum yana fita tsakar gida ya sha iska, shi kuwa yana cikin akwatin da ka kulle. Wanda ɗakinsa na kwano ne kada ya soma. Ni Allah ya taimake ni da tsohon ɗakin ƙasa na kakanmu, mai kaurin bango, irin ginin Birni na da. Na sauke akwatin daga kan tebur zuwa ƙasa. Na girka randa biyu a gefensa cike da ruwa, na rufe ragar sama da buhun algarara jiƙaƙƙe ina sake jiƙa shi bayan azahar da bayan la'asar. Na sa falalen dutse a gefen sanyi, da babban kwanon da zai iya shiga gaba ɗayansa. Ranakun da abin ya yi tsanani na sayi ƙanƙara, na sa a gora, na naɗe na ajiye a kusurwa. Da wannan ma'aunin zafi bai wuce 33 ba a cikin akwati, alhali waje yana 43. Kuma a makonnin nan na rage ba shi abinci, don narkewa da tsananin zafi ba sa tafiya tare.

Duk wannan ruwa ne, kuma kowa ya san darajar ruwa a garin nan. A bazara jarka ɗaya ta ƴan ga-ruwa duk kwana biyu ta Ɗanlami ce. Wanda zai sayi bowa ya sa wannan a lissafi kafin kuɗin macijin.

Danshi kuwa dabara ɗaya ta warware shi. Na samu roba mai murfi, na huda ƙofa a gefe, na cika da ɓawon kwakwa da aka daka na jiƙa. In idonsa ya yi hazo sai ya shige ciki ya yi kwanakinsa. Tun daga saɓa ta biyu fatar ke fita ɗungurum daga hanci zuwa wutsiya. Mahaifina ya ɗauki ɗaya ya shimfiɗa a tafin hannu ya daɗe yana duba zanen.

Wajen abinci ba ni da abin cewa sai yabo. Ɓerayen shagon masu tsabta ne, a gidansa ake kiwonsu, kuma kullum akwai girman da nake nema. Ƙa'idar ita ce kaurin ɓera kada ya wuce inda macijin ya fi kauri. Da yana ƙarami duk kwana 7 zuwa 10, yanzu duk mako biyu, in ya girma sai mako uku ko huɗu. Ba na ba shi mai rai, domin ɓera yana cizo ya raunata maciji, kuma ba na son wahalar da ɓeran. Ba na ba shi ɓeran gida ko na kasuwa, wanda ba ka san ko ya ci guba ba. Alhaji ya gargaɗe ni kan ɗura masa abinci don ya yi saurin girma, ya ce bowa mai ƙiba ba ya tsufa. Bayan ya ci, kwana biyu ba na taɓa shi.

Halinsa kuwa shi ne abin da na je nema tun farko. Ba ya gaggawa. Yana hawa hannu a hankali, ya naɗe wutsiya a wuyan hannuna, ya miƙa kai yana lasar iska. Sau ɗaya ya cije ni, ranar da na sa hannu da warin ɓera ban wanke ba. Ba shi da dafi, ƴan haƙora ne ƙanana masu lanƙwasa baya, jini ya ɗan fito na wanke da sabulu. Amma ko a wannan girman ina jin ƙarfin matsarsa, kuma duk lokacin da na ji sai in tuna tambayar wutsiya. Ba na ɗora shi a wuya. Yara ba sa taɓa shi sai ina tsaye, kuma kowa ya wanke hannu bayan nan saboda ƙwayar salmonela da ke jikin dabbobi masu jan ciki. Uwargida sharaɗi ɗaya ta kafa, kwaɗo biyu a ƙofar akwati da makulli a aljihuna, kuma ban taɓa saɓawa ba. Na kuma je na shaida wa mai unguwa da maƙwabtan da muke haɗa katanga, don haƙƙinsu ne su sani. Na san akwai malaman da ba su ga dacewar ajiye maciji ba, kuma ina girmama su. Wanda na tambaya ya tuna mini hadisin matar da ta kulle kyanwa ba ci ba sha, ya ce duk abin da ka kulle, cinsa da shansa da lafiyarsa suna wuyanka.

Wanda bai taɓa riƙe maciji ba, ba zan tura shi shagon nan neman bowa ba, kuma na tabbata Alhaji ma zai mayar da shi. Wanda ya yi shekaru da ƙanana, yana da ɗaki mai sanyi da halin ruwa, zan ce ya je, amma ya yi magana da Alhaji kansa, ya nemi a rubuta ranar isowa, ya kuma duba haɓa da kewayen ido a gaban mai shagon kafin ya cika kuɗi.

Makon jiya na auna Ɗanlami da zare, mita 1 da santimita 5. Akwatin farko ya kusa yi masa kaɗan, don haka na ba kafinta aikin sabo: tsawo mita 1 da santimita 80, faɗi 60, ƙofar gilashi mai zamewa, ƙafafu na ƙarfe saboda gara. Alhaji ya bi ni wurin kafintan ya duba, ya sa yatsa a tsakanin gilasan biyu ya ce ratar ta yi yawa, duk inda kan bowa ya shiga jikinsa zai bi. An cire an sake. Ranar Juma'a bayan masallaci za a kawo.